Majinyaci Na da Haƙƙin Sanin Abin da Aka Dasa Masa a Kafaɗa

A shekarar 1893 likitan nan na Faransa, Jules Péan, ya dasa wa wani majinyaci kafaɗar roba da filatinam, amma bayan shekara biyu tilas aka cire ta. A yau ƙarfen titaniyom ake amfani da shi, ko gamin kobalt da kuromiyom, tare da roba mai tauri. Sai dai robar kan zaizaye sannu a hankali har dashen ya sassauta, kuma jikin wasu ba ya jituwa da nikel ɗin da ke cikin gamin.

A ganina, wajibi ne asibiti ya rubuta wa majinyaci sunan abin da aka dasa masa. Likitan da zai gyara dashen nan gaba, wataƙila a wata ƙasa, da wannan takarda zai fara.