Diyyar cutar asbestos: Darasin shari'ar masu haƙar ma'adinai na Afirka ta Kudu

A watan Maris na shekarar 2003, kamfanin Cape na Birtaniya ya amince ya biya fam miliyan 7 da rabi ga 'yan Afirka ta Kudu kimanin 7,500 da suka kamu da cututtukan huhu sakamakon shaƙar ƙurar asbestos.

Idan aka raba kuɗin daidai, kowane mutum zai tashi da kusan fam 1,000 ne kawai, bayan shekaru shida ana tafka shari'a. Da dama daga cikin masu ƙarar sun riga mu gidan gaskiya kafin a kai ga biya.

Asbestos dai wani ma'adini ne mai zare-zare da ba ya cin wuta, wanda aka daɗe ana amfani da shi wajen yin rufi da silin da bututun ruwa da birkin mota. Idan ƙurarsa ta shiga huhu ba ta fita. Takan haddasa taurin huhu da sankarar huhu, da kuma wata sankara mai suna mesothelioma wadda ba a cika tsira daga gare ta ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutane dubu 200 ne ke mutuwa kowace shekara saboda shaƙar ƙurar a wuraren aiki.

Matsalar lokaci

Babban abin da ke hana ruwa gudu wajen neman diyya shi ne jinkirin bayyanar cutar. Ma'aikaci kan yi shekaru 20 zuwa 40, ko ma fiye, kafin ya fara jin numfashinsa na sarƙewa. Kafin lokacin, mai yiwuwa kamfanin ya rufe ko ya bar ƙasar, takardun ɗaukar aiki kuma sun ɓace.

Abin da ya faru ke nan a Afirka ta Kudu. Tun a 1960 wani likita mai suna Chris Wagner ya tabbatar da alaƙar mesothelioma da shuɗin asbestos da ake haƙa a arewacin lardin Cape. Amma aka ci gaba da aiki a wurare irin su Prieska da Penge, inda baƙaƙen fata ke aiki cikin ƙura a zamanin wariyar launin fata. A 1979 kamfanin ya sayar da mahaƙansa, daga baya kuma ya fice daga ƙasar, bai bar wata kadara da za a kama ba.

Wace kotu?

Don haka a 1997 aka shigar da ƙara a London, inda hedkwatar kamfanin take. Sai da aka shafe shekaru uku ana jayayya kan inda ya kamata a saurari ƙarar, ba tare da an taɓo batun laifi ba.

A watan Yulin 2000 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta yanke hukuncin cewa a yi shari'ar a Ingila, domin masu ƙarar ba za su samu lauyoyi da kuɗin gudanar da ita a gida ba.

A ƙarshen 2001 an sasanta kan fam miliyan 21, amma kamfanin, wanda ke fama da matsalar kuɗi, ya kasa cika alkawari. Daga nan ne aka dawo kan adadin da bai kai rabin na farko ba.

A Italiya ma lokaci ne ya kashe maganar. A 2012 wata kotu a Turin ta yanke wa attajirin Switzerland Stephan Schmidheiny, tsohon mai kamfanin Eternit, ɗaurin shekaru 16, amma a 2014 kotun ƙoli ta soke hukuncin bisa hujjar cewa wa'adin tuhumar ya wuce, kuma diyyar da aka ba iyalai ta bi ruwa.

Abin da ya rage

Duk da ƙarancin kuɗin, shari'ar Cape ta buɗe wata ƙofa. A 2003 kamfanin Gencor ya amince da biyan fiye da rand miliyan 400, aka kafa asusun da ke biyan masu cutar ba tare da zuwa kotu ba, sannan a 2008 Afirka ta Kudu ta haramta asbestos baki ɗaya.

Haka kuma batun ɗora wa babban kamfani alhakin abin da rassansa suka aikata a ƙetare ya samu gindin zama. Da wannan hujja ce Kotun Ƙolin Birtaniya ta bai wa manoman Zambiya damar ƙarar Vedanta a 2019, da kuma al'ummomin Ogale da Bille na yankin Neja Delta damar ƙarar Shell a 2021.

Sai dai wannan hanya ta fi amfanar wanda ya yi wa babban kamfani aiki kuma yake da shaida a hannu. Leburan da ya yanka rufin asbestos ko ya rusa tsohon gini a kan kuɗin yini, idan tari ya kama shi bayan shekaru 30, da wuya ya san ma wanda zai kai ƙara.