Raddi ga Masu Cewa Kibiyoyin Kategori Ado Ne Kawai

Akwai maganar da nake ji a bakin wasu masu karatun aljabara a nan Dutse: wai ilimin kategori, wanda Eilenberg da Mac Lane suka kafa a 1945, sabon fenti ne kawai a kan tsohon ginin modiyul. Ina tsoron ta kama kunnen ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya da na jami'ar Kafin Hausa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Da'awarsu ta farko, wai ninki da jimilla kai-tsaye abu ɗaya ne. Haka ne, matuƙar adadin modiyul ɗin yana da iyaka. Amma malam, ɗauki alli ka rubuta 1, 1, 1, ka ci gaba ba tsayawa. Wannan jeri yana cikin ninkin cikakkun lambobi, ba ya cikin jimillarsu, domin jimilla ba ta karɓar jeri sai wanda ya koma sifili zalla bayan wasu gurabe. Jimillar tana da tushe. Ninkin kuwa Reinhold Baer ya tabbatar a 1937 cewa ba shi da shi. Kategori ce ta fito da asalin bambancin: ana gane ninki da kibiyoyin da ke shiga cikinsa, jimilla kuma da waɗanda ke fita daga cikinta.

Sun kuma ce juya kibiya ba ya haifar da komai. To, hujja ɗaya ce ke nuna ninkin modiyul injektif injektif ne, jimillar furojektif kuma furojektif ce. Da ka musanya su, sai sharaɗi ya shigo: jimillar injektif ba ta tabbata injektif ko yaushe sai a kan zoben Noether, kamar yadda Bass da Papp suka nuna. Ninkin furojektif kuwa sharaɗinsa daban ne, Chase ya fayyace shi a 1960.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce ƙa'idar Freyd da Mitchell ta 1964, cewa kowace ƙaramar kategorin Abel tana shiga cikin ta modiyul. Ba su karanta sharaɗin ba. Shigarwar tana kiyaye abin da ke da iyaka ne, ba ta lamunce ninki mara iyaka ba. Tun 1957 Grothendieck, a mujallar Tohoku, ya ware halayen jimilla da na ninki a sharuɗɗa daban-daban. A modiyul, ninki mara iyaka yana kiyaye jerin daidaito ko yaushe. A kategorin shif yakan karya shi, alhali jimilla tana nan daram.