Duba Abin Wasan Yaronka

Kai maigida, in ka shiga kasuwar Haɗeja sayayyar Salla, kada ƙyalƙyali ya ruɗe ka. Tsadar abin wasa ba ita ce lafiyarsa ba. Kafin ka biya, ɗauka ka jujjuya shi da hannunka.

Yaron da bai kai shekara 3 ba, kome ya samu sai baki. Dutsen wuya, ko tayar 'yar mota, ko fasasshen balan-balan, duk suna iya maƙale masa su toshe numfashi. Mafi haɗari shi ne ɗan batirin nan mai kama da maɓalli. In yaro ya haɗiye shi, cikin awa 2 yana iya ƙone masa maƙogwaro. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a garzaya asibiti.

Kada kuma a bar yara su fasa tsohon batirin mota, ko su tsotsi abin da fentinsa ke ɓarewa, gama akwai dalma a batirin da wani fentin. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara.

Ke uwargida, motar kara da saniyar laka sun fi motar gwangwani, wadda bakinta ke yanka. Amma babba ne zai ɗebo lakar. Yaro a bakin kogi, ko ruwa ya ci shi, ko ya kwaso tsargiya.

Rigakafi ya fi magani.