Wasiƙa ga Samarin da ke Haɗa Kiɗa a Tamale

'Ya'yana,

Yabo dai kun ci shi. Fancy Gadam da Maccasio sun cika filin wasa na Aliu Mahama da waƙar Dagbanci, abin da a zamaninmu ko a mafarki ba mu gani ba. Allah ya ƙara ɗaukaka. To, ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Wani yaro a Sabonjida ya kunna mini sabon aikinsa. Ya yanko bugun ganga daga tsohon faifan funk, ya jera shi a kwamfuta, kowane bugu ƙarfinsa ɗaya da na ɗan'uwansa, sannan duk inda ya ga sarari ya cusa ƙara. Wai ya "wanke" shi. Ɗana, kashe shi ka yi.

Ku koma ku saurari "Cold Sweat" na James Brown, 1967. Nauyi yana sauka a bugun farko, daga nan jita da bas da ƙahoni kowa ya faɗi 'yar kalmarsa ya yi shiru. A cikin shirun nan mai rawa yake sa ƙafa. Hannun hagun mai gangarsa Clyde Stubblefield yana ɗan taɓa ganga a hankali, kamar ba ya so a ji, kuma wannan taɓin ne kuke gogewa da sunan gyara.

Da a ce mutanen wani gari ne da na yi musu uzuri. Amma ku? Kun tashi kuna jin lunsi ranar Damba, kalangu na magana, gungon na ba shi hanya kafin ya amsa. A garin nan Alhaji Ibrahim Abdulai ya zaunar da Ba'amurke John Chernoff yana koya masa cewa kiɗa da haƙuri ake yinsa, har Chernoff ya fitar da littafi a 1979. Baƙo ya ƙetaro teku ya koya, ɗan gida kuwa ko tambaya.

Mu ma arewa mun yi funk ɗinmu. Uppers International daga Bolgatanga suka fito. Ku nemi "Dankasa", ku nemi faifan da suka yi da Christy Azuma a 1976. Dokar hana fita da dare ta farkon mulkin Rawlings ta rufe gidajen rawa, makaɗa suka watse, kayan kiɗa suka yi tsada. Sai Turawa masu tonon tsofaffin faya-fayai ne suka dawo mana da waƙoƙin nan. Abin da ciwo.

Sai maganar suna. An yanki bugun Stubblefield na "Funky Drummer" an liƙa a ɗaruruwan waƙoƙi, Stubblefield ya rasu a 2017 bai ci moriyar hakan ba. In kun ɗauka, ku faɗi na wane ne, ku biya haƙƙi.

Ku gafarce ni in harshe ya yi kaifi, tsufa ne. Roƙona dai, aiki na gaba ku kira mai gungon sutudiyo, ku biya shi, kuma kada kowa ya daidaita bugunsa a kwamfuta.

Naku,
wani tsohon mai jita a Zango