SHARHI: Kalmar Sirri Kaɗai Ba Ta Isa Gadin Dukiyar Kamfani Ba

A ranar 7 ga watan Mayu na shekarar 2021, kamfanin Colonial Pipeline na ƙasar Amurka ya rufe bututunsa mai tsawon mil 5,500, wanda ke ɗaukar kusan kashi 45 cikin 100 na man da ake sha a jihohin gaɓar tekun gabashin ƙasar. Dalili kuwa shi ne, ɓarayin intanet sun kutsa cikin kwamfutocin kamfanin da kalmar sirri guda ɗaya, ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi amma ba a soke shi ba. Sai da kamfanin ya biya fansar dala miliyan 4.4, kuma mai bai sake gudana ba sai ranar 12 ga watan.

Ƙofar da ɓarayin suka bi suna da kalmar sirri kawai ta nema. Wannan shi ne halin da kamfanoni da yawa suke ciki: kwamfutar da ke riƙe da lissafin kuɗi, albashi da sunayen abokan ciniki tana tambayar mai shiga ko shi wane ne, amma ba ta tambayarsa daga ina ya fito. Alhali kuwa ko mai gadin sito ya san cewa wanda ya zo da mabuɗi cikin dare ta ƙofar baya abin tuhuma ne, ko da mabuɗin na gaske ne.

Kowace na'ura da ke kan hanyar sadarwa tana da lambar adireshi. Tun a shekarar 1996 aka tabbatar da wasu rukunan lambobi don amfanin cikin gida, wato waɗanda suka fara da 10, da 192.168, da kuma 172.16 zuwa 172.31. Saboda haka babbar kwamfutar kamfani tana iya bambance mutum uku: wanda ke zaune gabanta, da wanda ke ofishin kamfanin, da wanda ya ɓullo daga waje.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1990, Wietse Venema na Jami'ar Fasaha ta Eindhoven da ke ƙasar Holan ya rubuta manhajar TCP Wrapper domin tace masu shiga bisa adireshinsu. A kwamfutoci masu aiki da Linux kuwa, akwai wani kundi mai suna access.conf inda kowane layi yake ɗauke da abu uku: yarda ko hani, sunan ma'aikaci ko rukuninsa, da wurin da zai shigo. Na'urar tana karantawa daga sama zuwa ƙasa, ta yi aiki da layin farko da ya dace da mai neman shiga. Da layi kaɗan ana iya hukunta cewa babban asusun gudanarwa ba ya buɗuwa sai a gaban na'urar, akanta kuma sai daga ofishinsa, sauran duniya kuwa a rufe mata ƙofa. Ba a sayen wannan kundi. Abin da yake ci shi ne lokaci da kulawa.

Masu sukar tsarin suna da hujjarsu. Kamfanonin wayar salula sukan sauya wa mai hulɗa adireshi, sukan kuma haɗa mutane da yawa a kan adireshi ɗaya. Ga kuma ɗan kasuwar da ke saro kaya a Dubai ko Guangzhou yana son duba lissafinsa. Wannan gaskiya ne, amma yana da magani. Ofis yana iya neman tsayayyen adireshi daga kamfanin da ke ba shi intanet. Matafiyi kuwa sai ya bi ta killatacciyar hanyar da ake kira VPN, da sharaɗin ta nemi shaida ta biyu bayan kalmar sirri, wadda rashinta ne ya kayar da Colonial.

Har ila yau, kasancewar mutum a cikin gida ba ta wanke shi, domin da ɗan gari akan ci gari. A shekarar 2013, ɓarayi sun shiga kwamfutocin kantunan Target na Amurka da izinin shigar wani ɗan kwangilar na'urorin sanyaya ɗaki, suka zarce har injinan karɓar kuɗi, suka kwashe bayanan katunan banki kimanin miliyan 40. Ya kamata ke nan a raba adireshin cikin gida ma gida-gida, ta yadda kwamfutar ɗan kwangila ko ta mai karɓar baƙi ba za ta kai ga ɗakin kuɗi ba.

A Nijeriya, sakaci yana da farashi a gaban doka. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta wa masu riƙe bayanan jama'a ɗaukar matakan tsaro, ta kuma tanadi tarar Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, a kan manyan masu riƙe bayanai da suka saɓa.

Don haka bai dace mai kamfani ya bar wa injiniya wannan hukunci shi kaɗai ba. Kamar yadda yake zaɓen masu sa hannu a cakin banki, haka ya kamata ya nemi a kawo masa jerin masu shiga da wuraren da aka yarje musu, ya sa hannu, ya riƙa bitarsa duk wata uku, ya kuma tabbatar an soke sunan ma'aikaci a ranar da ya bar aiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsohon asusun da aka manta da shi tsaga ce.