Macijin Tagulla Da Gumakan Da Ke Cikin Aljihunmu

Kafin in shiga magana, bari in nemi afuwa a kan Hausata, domin ba da ita aka yi mini goyo ba. Ni ɗan Bura ne daga ƙasar Biu, a majami'a da kasuwa na tsinci Hausa kafin in zo in zauna mata a aji a Jami'ar Maiduguri. Maganar da zan yi ta shafi 'yan'uwana Kirista ne, amma na san abokaina Musulmi ba za su ji ta baƙuwa ba, tunda su ma suna da abin da suke kira shirka, kuma sun san nauyinta.

Da an ce "gunki", tunanin ɗalibin Hausa yakan tafi Dutsen Dala, wurin Tsumburbura da Barbushe, kamar yadda muka karanta a tarihin Kano. Ni kuwa nawa yakan tafi gidanmu. Kakanninmu sun san Hyel, wato Allah Maɗaukaki, amma suna da abin da muke kira haptu, galibi 'yar tukunya ce da ake ajiyewa ana yi mata yanka. Bayan da H. Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadarsu ta farko a gindin tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris, 1923, wadda ita ce tushen Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN), sannu a hankali mutane suka riƙa rabuwa da waɗannan tukwane. Kakata takan ba mu labarin ranar da mijinta ya fasa tasa, dangi suka yi ta jiran su ga ya kwanta ciwo. Mu jikoki mukan ji labarin mu yi dariya, muna ganin mun wuce wurin. To, anya mun wuce?

Akwai wani labari a Littafi Mai Tsarki da ba a cika wa'azi a kansa ba. Kowa ya san ɗan maraƙin zinariya da Haruna ya ƙera a Fitowa sura 32. Amma a Littafin Ƙidaya sura 21, lokacin da macizai suka addabi Isra'ilawa a jeji, Allah da kansa ne ya umarci Musa ya yi maciji ya rataye a kan sanda, duk wanda aka sara ya dube shi sai ya rayu. Musa ya yi shi da tagulla. Bayan ɗaruruwan shekaru, a 2 Sarakuna sura 18, sai ga Sarki Hezekiya ya farfasa wannan macijin, domin mutane sun koma suna ƙona masa turare. Abin lura a nan shi ne, macijin ba aikin boka ba ne, kyauta ce daga Allah, kuma ya taɓa ceton rayuka. A ganina, yawancin gumakanmu na yau irin wannan ne. Abubuwa ne masu kyau da muka ɗora su a kujerar da ba tasu ba, shi ya sa gane su yake da wuya.

Ni a kaina na fara ganewa. Daren da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shigo Maiduguri ranar 10 ga Satumba, 2024, ina gidan kawuna. Da aka yi ihu aka ce a fita, ban san lokacin da hannuna ya kai ga wayata da caja ba, har na kai ƙofa kafin in tuna akwai tsohuwa a ɗaki wadda ba ta iya tafiya sai an riƙe ta. Na koma na ɗauko ta, Allah ya kiyaye. Ba wanda ya lura, amma ni na sani. Tun daga ranar na fara ƙirga abin da nake fara taɓawa da asuba da abin da nake ajiyewa a ƙarshe da dare, amsar kuwa ba ta yi mini daɗi ba. Wani zai ce ai Littafi Mai Tsarkin ma a cikin wayar yake. Haka ne, amma duk wanda ya taɓa zama a benci na baya ranar Lahadi ya san ba Zabura kowa yake dubawa ba.

Na kuɗi kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Manzo Bulus a wasiƙarsa zuwa ga Kolosiyawa sura 3 ya sa kwaɗayi a layi ɗaya da bautar gumaka. Yayyenmu sun ga MMM, wadda ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ta rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016. Mu kuma mun ga CBEX ta rushe a watan Afrilu na 2025. Tsakanin biyun shekara takwas da 'yan watanni ne kawai, amma an sake zubawa. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Yanzu kuma cacar ƙwallo ta shigo cikin waya. Na san ɗalibin da yakan yi addu'a da azumi a kan tikitin cacarsa, har ya yi wa Allah alkawarin zakka idan ya ci. Ban san abin da za a kira wannan ba in ba mayar da Allah ɗan aike ba, gunkin kuma shi ne maigida.

Amma wanda ya fi damuna yana cikin majami'a ne, kuma shi ne ya fi kama da macijin Musa. Fasto kyauta ce, addu'ar shafa mai kuma tana cikin wasiƙar Yaƙub sura 5. Sai dai yau za ka ga mutum da kwalbar mai a ƙarƙashin matashi, da hoton wani "bawan Allah" manne a ƙofa da gaban Keke Napep, in ya manta da su a gida ya ji kamar ya fita tsirara. Ka soki koyarwar Yesu a gabansa, zai iya yi maka shiru, ka taɓa sunan wannan bawan Allah kuwa, ka sayi faɗa. Don Allah, mene ne bambancin wannan kwalba da tukunyar da kakana ya fasa? Ita ma ai kariya ake nema a wurinta.

Ba na yi wa kowa ba'a, domin na san inda tsoron ya fito. Kiristan Maiduguri ya ga ƙone-ƙonen majami'u a watan Fabrairu na 2006 da Yuli na 2009. Ya ga sace 'yan mata 276 a Chibok a watan Afrilu na 2014, yawancinsu 'ya'yan EYN. A watan Oktoba na wannan shekarar ya ji an ƙwace hedikwatar ekklesiyar da ke Kwarhi. Wanda ya sha wannan, in ya rungumi duk abin da aka ce zai tsare shi, ba abin mamaki ba ne. To amma nan ma akwai tarko. Wasu daga cikinmu sun mayar da wahalar da aka sha wani abin bauta: ana shafa ta kullum, ana gadar wa yara ita, ba a yarda a ce maƙwabci Musulmi ma ya binne nasa, alhali Boko Haram ta kashe limamai ta kuma tayar da bam a masallatai, har da na cikin jami'ar nan a watan Janairu na 2017. Idan ciwon ya kai inda ba ya barin mutum ya yi wa maƙiyinsa addu'a, kamar yadda Almasihu ya umarta, to ciwon ne ke mulki a zuciyar, ba Almasihu ba. Ga kuma ƙabila. A zaɓen shugabannin zumunta sai ka ji ana raɗa, wane Margi ne, wane Bura ne, wane Kibaku ne, bayan an gama waƙar cewa mu ɗaya ne.

Wani abokina ya ce mini na cika tsanani, wai idan aka bi tawa har digirin da muke nema gunki ne. Na ce masa digiri ba gunki ba ne, sai ranar da mutum ya shiga ɗakin jarrabawa da takarda a cikin safa bayan ya yi addu'a a ƙofa. A ranar ya riga ya nuna wanda ya fi tsoro tsakanin Allah da faɗuwa. Ya yi shiru, ni ma na yi shiru, domin laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Hezekiya bai kafa kwamiti a kan macijin ba, kuma bai ce Musa ya yi kuskure ba. Ni ban kai in fasa wayata ba, tunda da ita nake karɓar darussa, da ita kuma mahaifiyata take jin muryata daga Biu. Abin da na iya shi ne, tun farkon wannan zangon karatu ina barinta a ɗaki ranar Lahadi har a tashi sujada. Makon farko sau huɗu na kai hannu aljihu lokacin wa'azi, na tarar babu komai.