LAFIYAR IYALI: An Gama Tiyata, Saura Tsaro

Wata uwa daga Sabon Tasha ta aiko mana da tambaya. Ta ce an yi wa ɗanta aikin hanji bayan zazzaɓin taifot, likita ya ce aiki ya yi kyau, amma a rana ta biyar aka sāke komawa da shi ɗakin tiyata. Yaron ya tashi, mun gode wa Ubangiji. Tana so ta san abin da ya faru. Amsar za ta amfani gidaje da yawa, gama taifot ba baƙo ba ne a Kakuri, Narayi, Nasarawa da Unguwar Romi.

Idan ba a yi maganin taifot sosai ba, a mako na biyu ko na uku yakan huda ƙaramin hanji. Ƙazanta ta tsiyaye cikin ciki, ƙwayoyin cuta su yaɗu. Likita zai ɗinke hujin ya wanke cikin, amma yaƙin bai ƙare ba tukuna.

Hanji yana karɓar wajen kashi 1 cikin 4 na jinin da zuciya take turawa. Sa'ad da cuta ta yi tsanani, jijiyoyin jini sukan saki, ruwa ya riƙa zurarewa daga cikinsu, ƙarfin jini ya faɗi. Sai jiki ya tsame jini daga hanji ya kai wa zuciya da ƙwaƙwalwa. Kun san yadda famfo yake in ruwa ya yi rauni: gidajen ƙarshen layi su ne suke fara rasawa. Hanji yana cikin waɗannan gidaje. Ɗinki kuwa ba ya kamawa sai da jini. In jini ya kāsa, bakin ɗinkin ya mutu, ya ɓalle, ƙazanta ta sāke zuba. Wannan yakan bayyana cikin mako na fari bayan aiki. Ba maita ba ce, ba kuwa lalle sakacin likita ba ne.

Abin ba ƙarami ba ne. An ƙiyasta cewa a 2017 irin wannan tsananin cuta, daga kowane irin tushe, ya kashe mutum miliyan 11 a duniya.

Mai jinya ne yake kwana kusa da gado, saboda haka idonsa yana da amfani ƙwarai. Kira nas nan da nan, ko da tsakar dare ne, in ka ga:

1. Fitsari ya ragu ƙwarai ko ya tsaya.
2. Numfashi yana sauri, zuciya tana bugawa fiye da sau 100 a minti ga babba.
3. Hannuwa da ƙafafu sun yi sanyi, ko zazzaɓi ya komo.
4. Ciki ya kumbura ya yi tauri, ko ruwa mai wari yana fita daga ɗinki.
5. Majinyaci ya rikice, ko barci ya yi masa nauyi.

Ƙarin ruwa da allurai su ne suke mayar wa hanji da jininsa. Kada a tsallake ko ɗaya domin kuɗi ya ƙare. Gaya wa fasto da dattawa tun da wuri. Ikkilisiya domin irin wannan rana take. 'Yan Zumuntar Mata kuma, in kun kawo kunu, ku tambayi nas kafin a ba shi. Kada a roƙi sallama tun likita bai yarda ba.

Mafi kyau duka, a tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu. Zazzaɓin da ya wuce kwana 3, balle in da ciwon ciki, a bar sayen ƙwaya a kemis, a nufi asibiti, ko St. Gerard ko Gwamna Awan ko wanda ya fi kusa.

Mu yi addu'a, mu kuma buɗe ido. Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai wata mai zuwa.